Goɗiyar da Maigidana Ya Bari

Maigidana ya rasu ana cikin sussukar gero. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, muka ɗauka irin na kaka ne da ya saba zuwa ya wuce. Da abin ya ƙi sauƙi aka kai shi asibiti a Tambuwal, daga can kuma gawarsa aka dawo mana da ita. Ya bar ni da yara uku, mata biyu da ƙaramin namiji da bai daɗe da barin nono ba. Ya bar gonar tudu, da babur, da hatsin shekarar, da goɗiya ɗaya a ɗaure bayan ɗakina.

Ja ce mai baƙar geza, ba ta cika tsayi ba, amma tana da faɗin ƙirji. Tun kafin a kawo ni gidan take nan. A ƙauyenmu, da ke kan hanyar Jabo, ba wanda ke ajiye goɗiya don hawa. Don haihuwa ake ajiye ta, a ciyar da ita shekara guda tana ɗauke da ciki, a ƙara ciyar da ɗan har ya yi ƙwari, sannan mutanen birni masu sha'awar doki su zo su saya. Sau biyu ta haifa masa a zamana da shi. Na farkon shi ya sa mana kwano a kan ɗaki, na biyun ya cika masa kuɗin babur. Amma ba na jin lissafin ne ya sa yake tashi da asuba ya dama mata dusa da kanwa kafin ya sha nasa kunun. Yakan tsuguna a ƙarƙashinta yana cire mata kaska yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ni kaina ban cika samu a wurinsa ba, don shi mutum ne mai ƙarancin magana.

Ana saura kaɗan ya kwanta ciwo ya kai ta baye a Jabo, wato ya haɗa ta da ingarman wani abokinsa. Ya dawo da yamma yana jan ta, ƙafafunsa duk taɓo, na kawo masa ruwa. Ya sha, ya dubi inda take, ya ce da ni:

"Wanga karo ta ɗauka. Na ga alama."

Na ce Allah ya sa. Ban tambaye shi wace alama ba. Maganar da muka yi a kanta ke nan, ban kuwa san ita zan riƙe wata da watanni ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Ina cikin takaba, don haka daga bayan asabari nake jin abin da ake yi. Malamin da ya zo rabon ya lissafa gona, da babur, da hatsi, sai aka zo kan goɗiya. Wan mijina, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce a sayar da ita a zuba kuɗin cikin gado. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Mutum ne mai tsoron Allah, shi ya ɗauki nauyin noma wa marayun gonarsu ba tare da an roƙe shi ba. Ya matso kusa da asabarin ya sassauta murya.

"Uwar yara, doki ba akuya ba ne. Abin da taka ci a wata ya isa ki riƙe ɗiyanki. Marigayi da ƙarfinai da sana'atai yaka riƙon ta. Ke da mi za ki riƙe ta?"

Na ce, "Yaya, ciki gare ta."

"Shi ya sa nika cewa yanzu. Mai ciki ta fi daraja."

"Shi ya kai ta da hannunai, Yaya. A bar ni in ga abin da ke cikin."

Malamin ya ce in ina so ana iya yi mata kuɗi a sa ta cikin tumunina, wato kasona na matar mamaci, abin da ya haura a cire daga rabona na hatsi da na babur. Na ce na yarda. Wan mijina ya ce, "Allah shi sa alheri." Haka na fito daga rabon gadon mijina da goɗiya da ragamarta da bokitin da take shan ruwa.

Watannin takaba fuɗu da kwanakinsu a kanta na yi su. Ba na fita, ba mai zuwa sai masu gaisuwa, su ma suka ɗauke ƙafa a hankali. Na koyi abin da a da ban taɓa sa hannu a ciki ba. Na koyi jiƙa dusa yadda ba za ta shaƙe ta ba, da yawan kanwar da ake jefawa a ruwa, da cewa ba a ba ta dawa tana dawowa daga rana. Na koyi kwashe kashinta da sassafe in tara a gefe don gona. Harawar da marigayi ya ɗora a kan rumfa na riƙa saukowa da ita dami-dami, ina ganin tulin yana raguwa. Kafin a fita ɗari ta ƙare. Daga nan sai saye. Ina soya ƙuli-ƙuli ina matsar man gyaɗa, babbar 'yata tana kai wa masu saye a maƙwabta in ta dawo makaranta, abin da ya shigo kuma rabinsa a bakin goɗiya yake ƙarewa.

Ban ji zafin haka ba a lokacin. Cikinta yana ta fitowa, gashinta yana sheƙi. In na gama aiki da la'asar sai in je in tsaya kusa da ita in ɗora tafin hannuna a gefen cikin. Wani lokaci nakan ji abu ya motsa. Na sha kiran yaran su zo su taɓa. Ƙaramin yakan manna kunnensa ya ce ya ji. A raina wannan cikin shi ne aiki na ƙarshe da mijina ya ƙulla a duniya bai ga ƙarshensa ba, ni kuma aka bar wa in kai shi. Mutane sun yi ta yaba haƙurina, wai ban cika kuka ba. Ba haƙuri ba ne. Jira nake yi, mai jira kuwa yana da abin tashi da safe.

Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, wata rana wani baƙo ya bi ta bayan gidanmu a kan doki. Goɗiyar ta ɗaga kai ta yi haniniyar da ban taɓa jin ta yi ba. Ta riƙa zagaya turke tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan, ta ƙi cin abin da na zuba mata. Na tsorata, na ɗauka ɓari za ta yi. Na aika a kira mahaifina.

Mu mutanen wajen Fakku ne. Mahaifina manomi ne mai 'yan shanu, ya kuma riƙe doki a ƙuruciyarsa. Ya iso washegari a kan babur ɗin kabu-kabu. Bai zauna ba sai da ya je wurinta. Ya zagaya ta, ya duba hantsarta, ya danna gefen cikin da tafin hannu, ya koma baya ya tsaya yana kallo.

Na ce, "Baba, lafiya take?"

"Lafiya lau take. Ta fi ki lafiya."

"To ɗan fa?"

Ya ce in kawo masa tabarma. Sai da ya zauna ya sha ruwa sannan ya ce, "Ɗiyata, babu komai cikin nan. Doki taka nema. Goɗiya mai ciki ba ta neman doki."

Na ce ai ina jin motsi. Ya ce hanji ne, dabba mai cin harawa haka cikinta ke yi. Na ce ai cikin ya girma. Ya ce ƙiba ce, na ciyar da ita fiye da yadda mijina ma yake yi. Ban yarda ba. Na sa aka ɗauko malamin dabbobi daga Tambuwal, na biya kuɗin man babur ɗinsa da na aikinsa. Ya sa doguwar safar roba ya duba ta ciki, ya cire, ya wanke hannu, ya faɗi abin da mahaifina ya faɗa. Ya ce ko dai tun farko ba ta ɗauka ba, ko ta ɗauka ya lalace da wuri ba wanda ya lura. Ya ce hakan na faruwa, ba laifin kowa ba ne.

Na shiga ɗaki na rufe. Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawa, ranar na yi shi. Har 'yata ta biyu ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar yayarta ko wani ne ya sake rasuwa.

Mahaifina ya kwana biyu a wurinmu. Da na ɗan dawo hayyacina ya kira wan mijina, muka zauna mu uku a tsakar gida. Hanyoyin da ke gabana ba su da yawa. In sayar da ita yadda take, ba ciki, ga shekaru sun fara ja, abin da za a ba ni ba zai kai abin da aka yi mata kuɗi a gado ba. Ko in mayar da ita Jabo, inda bisa al'ada abokin marigayi zai sake haɗa ta da dokinsa kyauta tunda na farko bai kama ba. Ko in kai ta Kebbe, wurin wani dattijo da mahaifina ya sani, mai wani ingarma da ake yabon irinsa, in biya kuɗin baye daga farko, ga tafiya, ga abincin kwanakin da za ta yi can.

Wan mijina ya ce shi dai ra'ayinsa bai sauya ba, a sayar. In kuma na ƙi, to Jabo, tunda ba a biyan komai. Mahaifina ya ce ya ji labarin wata goɗiyar ma ta dawo daga Jabo haka nan a bana, dokin ya tsufa. Ya ce kyautar da za ta sa a sake ciyar da dabba rabin shekara a banza ta fi kowane baye tsada. Sannan ya juyo gare ni.

"Amma ki sani, ni ban ce ki yi ba. In kin tambaye ni, maganar yayanki ita ta gaskiya. Abin da nika cewa, in za a yi, a yi inda aka fi sa rai."

Na ce a kai ta Kebbe. Na san dalilina ba na hankali ba ne, su ma sun sani, ba wanda ya faɗa. Na riga na zuba mata rani guda, na kasa yarda a ce ya tafi haka nan. Na sayar da awakina biyu, waɗanda na zo da uwarsu daga gidanmu.

Dole a yi sauri kafin neman dokin ya wuce mata. Mahaifina, da tsufansa, shi ya ja ta a ƙasa, yana tafiya da sanyin safiya yana hutawa in rana ta take, ya kwana a hanya wurin dangi. Ni na bar yara wurin matar wan mijina na bi su a kabu-kabu. Hanyar duk ramuka da yashi, sau da yawa sai na sauka mai babur ya tura.

Dattijon na Kebbe dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya buɗe bakin goɗiyar ya dubi haƙoranta, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ta fara manyanta. Haifuwa biyu ko uku sunka rage mata, in Allah ya nufa. Wa ad da ita?"

Mahaifina ya nuna ni. Dattijon ya dube ni, ya dubi mahaifina, aka gaya masa yadda abin yake. Ya yi wa marigayi addu'a. Ya faɗi kuɗin baye, bai rage ba, ya ce dokinsa ma ci yake yi. Amma ya ce abincin kwanakin da za ta yi a wurinsa shi ya ɗauka, in kuma ba ta kama ba a dawo da ita ba sai an sake biya ba. Ya ce ba ya yi wa kowa alkawarin ciki, wannan ba a hannunsa yake ba.

Mace ba ta tsayawa wurin baye. Aka shigar da ni cikin gida wurin matarsa, wata tsohuwa mai fara'a, ta ba ni fura. Ina riƙe da ludayi ina jin haniniya da dirin kofato daga bayan katanga, da muryoyin maza suna cewa a riƙe, a sassauta. Tsohuwar tana ta ba ni labarin jikokinta, ban fahimci ko ɗaya ba. Na kwana a gidanmu a Fakku, na koma wurin yara. Bayan 'yan kwanaki mahaifina ya dawo mini da ita.

Wannan karon ban yarda da idona ba. Na jira wata ya zagayo, ya sake zagayowa, ba ta nemi doki ba. Na sake biyan malamin dabbobi ya zo. Ya duba ya ce akwai. Na ce ya tabbata? Ya yi murmushi ya ce ya taɓa shi da hannunsa. Na yi hamdala, amma murnar ba ta kai inda na zata za ta kai ba. Wannan cikin nawa ne, da kuɗin awakina. Wancan da na yi wa jira ba ya nan, ba a kuma sake yin sa.

Damina ta sauƙaƙa mini ta wani gefen, ta tsananta ta wani. Ciyawa ta samu, sai dai a yanko. Nakan ɗauki lauje da safe in bi gefen gonaki, in dawo da dami a ka, zanena jiƙe da raɓa. Amma ga kaska, ga ƙudaje masu cizo, ga sauro da sai na yi mata hayaƙi da magariba. Aka ba ta maganin tsutsa. Ƙafarta ta baya ta kumbura aka yi mata allura. Kowanne da kuɗinsa. Abin da ya kamata in sayi taki da shi a zuba a gonar yara, a nan ya tafi. Wan mijina ya nome gonar tare da tasa kamar yadda ya ce, bai taɓa yi mini gori ba. Sai kuma ruwa ya ɗauke da wuri, gero yana cikin fitar da kai. Abin da aka kawo mana bai rufe ƙasan rumbu da kirki ba. Wake bai yi ba ko'ina a yankin, don haka harawa ta zama abin da ake rububi, masu tumakin layya da masu shanu duk a kanta suke.

Goɗiya mai ciki ba a rage mata abinci. In an rage, ɗan ne ke biya, ko ya zo a raunane ko ya zo ba rai. Kullum cikin yana girma, cinta yana ƙaruwa. Na fara ɗibar mata dawa daga buhun da muke tuwo da shi. Na mayar da tuwon dare ya zama na safe ma, na ƙara wa kunu ruwa. Na gaya wa kaina watanni kaɗan ne suka rage.

Wata safiya da ɗari ina tsugune gaban buhu da kwano a hannuna, na auna na goɗiya na juye, zan auna namu. Babbar 'yata tana tsaye da kayan makaranta. Yarinya ce mai kawaici irin na ubanta, ba ta taɓa ce mini don me ba. Ta ce:

"Inna, ko a rage mata yau kaɗai? Ƙanena bai ƙoshi ba jiya. Na ba shi nawa, bai ƙoshi ba."

Ban san ta ba shi nata ba. Na dube ta da kyau, abin da na daɗe ban yi ba. Wuyanta ya yi tsawo, rigar da aka ɗinka mata bara ta yi mata yawa. Na san adadin haƙarƙarin goɗiyar da ake iya gani da wanda ba a gani, kullum ina dubawa. Na mayar da dawar cikin buhu na ce ta tafi kada ta makara.

Na je Fakku a makon. Mahaifina ya saurare ni har na gama. Na ce masa saura wata uku ta haihu, ko zai ranta mini hatsi in kai. Ya ce zai ba ni abin da yake da shi, ba rance ba, amma in tsaya in ji.

"Haifuwa ba ita ta ƙarshen ciyarwa ba, ɗiyata. Nan aka farawa. Mai shayarwa ta fi mai ciki ci. Ɗan kuma ba ya sayuwa sai an yaye shi ya yi jiki, wata shekarar ke nan. Baki biyu za ki riƙe a bazara. In kuma haifuwar ta zo da gardama, ki rasa uwa ki rasa ɗa. Ina da hatsin wata uku. Ba ni da na shekara."

Mahaifiyata tana gefe tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba ta ce, "Shi ma da yana raye, ɗiyanai zai zaɓa."

Da labari ya fita cewa zan sayar, wani dillali ya zo har gida da kuɗi a aljihu. Na tambaye shi ina za a kai ta. Ya ce wannan sai wanda ya saya a hannunsa. Na sha jin ana loda tsofaffin dawaki a manyan motoci a yi kudu da su, ba kuma don hawa ba. Na ce ya ba ni lokaci. Na aika wa dattijon Kebbe, tunda shi ya san abin da ke cikinta. Ya aiko cewa yana so, ya faɗi abin da zai iya. Wan mijina ya je ya yi cinikin a madadina, ya dawo ya ce mutumin bai cuce mu ba. Ya ƙirga kuɗin a gabana ya miƙo mini. Na lura bai iya haɗa ido da ni ba, shi da ya fi kowa gaskiya tun farko.

Babban ɗan dattijon ne ya zo ɗaukarta, magidanci mai natsuwa. Ya ce a hankali za su tafi saboda nauyinta, ko da za su kwana uku a hanya. Na ba ta dusa da kanwa na ƙarshe, na share mata jiki da tsumma. Na gaya masa ba ta son a taɓa mata kunnen hagu, ƙafar baya kuma a riƙa dubawa. Ya ce to, to. Na ba shi bokitin, ya ce suna da shi, na ce ya dai tafi da shi. Ta bi shi ba gardama, cikinta yana rangaji, ta sunkuya ta wuce ta ƙofar baya. Yaran suka raka su har bakin hanya. Ni na tsaya a tsakar gida.

Kuɗin ya yi abin da aka sayar da ita dominsa. Na sayi gero da dawa, na sayi buhun gyaɗa na ƙara jari, na sayi tunkiya ɗaya, na ajiye na taki. Yaran suka mayar da jiki kafin azumi. Ba wanda ya ce na yi kuskure, ni ma ban ce ba. Sai dai na daɗe ina farkawa da asuba in rasa abin da ya tashe ni.

Ruwan farko ya sauka ke nan mahaifina ya aiko cewa goɗiyar ta haihu lafiya, namiji. Na ce ba zan je ba. Bayan 'yan makonni aka yi suna a gidanmu a Fakku, na je, da aka watse na samu kaina ina ce wa mai kabu-kabu ya kai ni Kebbe.

Dattijon ya karɓe ni da mutunci, ya kai ni bayan gida da kansa. Tana tsaye a inuwar wata bishiya, ta rame kaɗan, hantsarta cike. Ɗan yana gefenta, dogayen ƙafafu kamar ba nasa ba, baƙi-baƙi irin ubansa, wutsiyarsa guntuwa tana ta kaɗawa. Ya dube ni, ya yi tsalle gefe ɗaya ba dalili, ya koma ya cusa kai ƙarƙashin uwar.

Na kira ta yadda na saba, na miƙa hannu na matsa. Ta kwantar da kunnuwa baya, ta shiga tsakanina da ɗan, ta juyo mini da ƙugu. Dattijon ya ce:

"Dakata nan, ɗiyata, kada ki matsa. Harbi za ta yi. Haka suke in suna da jinjiri, ko ni ba ta bari."

Na ja da baya. Na tsaya daga nesa ina kallon su, shi yana tsotso ita tana kallona da gefen ido, har ƙafafuna suka gaji. Dattijon ya ce ɗan yana da kyau, ƙashinsa mai ƙarfi ne, an ga alamar uwar ta ci da kyau tun cikin yana ƙarami. Ya ce wannan aikina ne. Na yi masa godiya. Matarsa ta ƙulla mini daddawa da kuka a leda, ta ce in gaida yara.

A hanyar dawowa na ja mayafi na rufe fuskata har muka iso. Na tarar babbar 'yata ta ɗora tukunya, ƙannenta suna wasa a bakin zaure. Ta karɓi ledar hannuna, ta tambaye ni ko na gan su. Na ce na gani, na kwatanta mata ɗan. Sai ta ce:

"Ta gane ki, Inna?"

Na ce, "Ban sani ba. Hankalinta na kan ɗanta."

Ta gyaɗa kai. Na cire mayafi na rataye, na karɓi muciya a hannunta na ce ta je ta kira ƙannenta su wanke hannu.